Fuskar da Manhaja Ta Wanke

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Kwafi uku na tara na tsohon fim ɗin 'yan wasan Argungu. Kaset daga Oga Nelson mai gyaran talabijin a Gwadangaji: murya garau, hoto kamar an jiƙa shi a ruwan kanwa. Faifan sidi: kala mai kyau, amma wani sarkin wayo ya yanke tsakiyar fim don ya shige faifai ɗaya. Na ukun da waya aka ɗauka daga fuskar talabijin, har da kukan akuyar gidan.

A wurin da aka yanke Atiku yake fitowa. Mahaifina ke nan. Ya rasu ina goye, ambaliya kuma ta tafi da hotunansa. Fuskarsa nake so in gani, shi ke nan.

Litinin, 6 ga Oktoba

Sidi ya fi kaset gudu! Ko me ya jawo haka? Da na haɗa hoton wannan da muryar wancan, sai baki ya rufe amma magana tana ci gaba. Dabarar da na samo: duk inda masunci ya buga gora a ruwa, in daidaita ƙarar da hoton, sauran in ja su su biyo. Oga Nelson dariya kawai yake, wai "Malama Zainabu, wa ya aike ki?"

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ruwan kogin Matan Fada kore a wannan kwafin, ja a wancan. Na yi ma'auni da farar rigar wani ɗan wasa, sai kalar ta zo ɗaya.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na samu manhajar da ke goge karce-karcen kaset, ta fito da fuska. Na ɗora mata wurin Atiku. Kai! Ashe kyakkyawa ne, kumatu sumul. Na yi ta kallonsa har shinkafata ta kama.

Asabar, 18 ga Oktoba

Argungu. Na kunna wa Inna a ƙarƙashin rumfa, ina ta rawar kai. Da ta ji muryar sai ta ajiye albasar da take yankawa. Ta matso. Ta daɗe tana kallo.

"Wane na wanga?"

Na ce shi ne mana.

"Muryatai ta, amma wanga ba mijina na ba. Mi kinka yi ma huskatai? Bakabe ba tsaga?"

Manhajar ta ɗauka tsagar Kabawa karcewar kaset ce, ta share ta tas. Ni kuma ina zan sani? Raina ya ɓaci ƙwarai, na shiga mota na koma Birnin Kebbi.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Ashe duk kwanakin nan baƙo nake kallo.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na sake lale. Na zagaye fuskar na killace ta, manhaja ta wanke ruwa da jirage kawai. Sai na ɗora kwafin waya a kan na kaset, na rage masa ƙarfi. Abin mamaki, kwafin mai akuya shi ya fi riƙe tsagar, idan Baba ya juyo wajen rana.

Na so in zana sauran tsagar da hannu, na kira Inna in ji layi nawa ne. Ta ce, "Ke, wa ka ƙidaya tsagar miji?" Ta kashe waya. Na fasa.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na koma Argungu da fim ɗin. Baba yana fitowa Inna ta ja mayafi ta rufe baki, ta sunkuyar da kai kamar yana cikin gidan.

"Shi na," ta ce.

Ni dai har yanzu dishi-dishi nake ganinsa. Oga Nelson ya ce akwai wata sabuwar manhaja da ta fi waccan. Na ce masa zan duba, ban duba ba. Akwai wurin da Baba ke juyowa yana dariya, ba a ganin komai sai haƙora da inuwar tsaga. Nan nake ta maimaitawa.