Turancin Kawu Sabi

Baba,

Ka gafarce ni da na yi karambanin rubuto maka, alhali ka riga ka ba Kawu Sabi riƙona. Ya Inna da ƙannena? Nan Kwatano lafiya lau, korona ba ta shigo gidan ba, sai dai raina a ɓace yake.

Wurin aikin Kawu Sabi sun sa shi koyon Turanci ta waya wurin wata matashiyar malama. Ya ce, "Da furfurata, sa'ar 'yata za ta gyara min baki?" Sai ya rufe kyamara ya kwanta, ni nake rubuta wa malamar amsoshi da sunansa. Shi ake yabo, ni kuwa jarrabawata ta matso ban buɗe littafi ba.

Gobe zan ƙi, Baba. In ya kore ni, ka yarda in sake rubuto maka?

'Yarka,
Bona