Takardar da Ulfa ta karanta mini

Zuwa ga ƙanwata Najiba,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki Ɗahir da yara. Allah Ya ƙara masa sauƙin ƙafar nan. Mu nan Safakus ta Tunisiya lafiya lau, an gama matsar zaitun, naki tulun man yana ajiye.

Shekara ashirin da biyu ke nan ina koya wa ɗalibai balaga, wato fasahar magana. Kullum ina gaya musu ana shiga zuciyar mutum ta ƙofa uku: hujja, ko tausayi, ko mutuncin mai magana. Ban taɓa zaton a gidana za a gwada ni ba. 'Yata Ulfa ta samu gurbin karatun likita a can garinku Marsiliya ta Faransa, na ce ba inda za ta. Ta kawo hujjoji, na rushe su ɗaya bayan ɗaya. Ta yi kuka, na ce kukan ya yi tsari da yawa. Uwarta Hadiyya ta ce wai ni da taurin kai ko jakin mai gawayi ya sallama mini.

Ranar Juma'a muna cin kuskus da kifi, sai Ulfa ta ce in saurari rubutun wani ɗalibi in ba shi maki. Wani yaro ne yake roƙon mahaifinsa ya bar ƙanwarsa ta tafi karatu, yana cewa tsoron uba ƙauna ce, amma kada a mai da shi katanga. Na gyara zama na ce ado ya yi masa yawa, yaron yana ji da kansa, amma gaskiya ba ni da amsar da zan ba shi. Sai ta miƙo mini takardar tana cewa to Baba, ga gwanin naka. Rubutun hannuna ne, wanda na yi wa marigayi Baba a kanki. Na san kuma daga akwatinki ya fito, munafuka.

Na amince, Ulfa za ta iso wurinku ranar tara ga Satumba a jirgin ruwa. Ba ta iya barci sai da fitila, ba za ta faɗa miki ba. Ki kunna mata kawai.

Ki gaishe da Ɗahir da Riyad da ƙaramar Sunduus. Hadiyya tana gaishe ku.

Yayanki da aka kayar,
Munsif