Kwaɗon Kabad

Litinin, 3 ga Maris
Sabon Darakta, sabon salo. Wai daga yau ba ni kaɗai zan riƙa tsara dokokin kariya na ɗakin gwaji ba, sai an zauna da masu bincike an ji ta bakinsu. Bakin wa? Mutanen da ke ajiye madarar shayi a firjin samfur, kusa da jinin ɓera? Na ce, "To, ranka ya daɗe." Me zan ce.

Alhamis, 6 ga Maris
Zaman farko. Digiri ya cika ɗaki, hankali ko na cikin cokali babu. Dakta Gemu ya shigo da kofin shayinsa, ya ɗora shi a kan takardar dokokina. Duk duniya abin da ya tsone masa ido shi ne kwaɗon da na sa wa kabad ɗin ruwan wanke ido. Wai idan sinadari ya fantsama wa mutum, sai ya lalubo hanya har ofishina neman makulli? Na tuna masa abin da ya kawo kwaɗon: bara da ruwan suke goge tabarau, wata ma furen tagarta take ba wa. Ranar buƙata a tarar da kwalba wayam. Ya ce, "Anti, kwalba a kulle da kwalba wayam ai duk ɗaya ne a wurin wanda idonsa ke ci da wuta." Anti! Mutumin da ya girme ni nesa ba kusa ba.

Makulli yana jakata, kuma nan zai zauna.

Asabar, 8 ga Maris
Baban yara ya ce in saurare su mana. Shi da ko tukunyar gas bai iya rufewa ba.

Laraba, 12 ga Maris
Zama na biyu. Surutu kamar kasuwa. 'Yar Shiru ce kaɗai ta yi maganar mutane, dama ita kaɗai ke gaishe ni a cikinsu. Ta ce a rataye kwalaben a bango kusa da kowane tebur, a liƙe murfin, duk wanda ya buɗe don wasa za a gane. Ta ƙara da cewa tabarau na kariya da na sayo suna yin hazo, dole mutum ya ɗaga su kafin ya ga abin da yake zubawa. Na ce zan duba. Ba zan duba ba. In ka ba su hannu yau, gobe kafaɗa za su nema.

Alhamis, 20 ga Maris
Ina ofishin mulki ina rigima a kan tukwanen kashe gobara, jaka a kafaɗa. Na dawo na tarar da gilas warwatse a ƙasa. Tabaran 'Yar Shiru ya yi hazo, ta ɗaga shi ta goge, asid ya fantsama mata a idon hagu. Gemu ya fasa kabad da kujera, gilas ya yanke shi a hannu, shi ya riƙa zuba mata ruwan har aka kawo mota.

Babu wanda ya ɗora mini laifi. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 21 ga Maris
Asibiti. Likita ya ce idon zai gani, amma ba kamar da ba. Mahaifiyarta ta kama hannuna: "Ashe ke ce mai kula da su? Allah ya saka miki da alheri, 'yata." Ita kuwa, da auduga a ido, wai, "Anti, kada ki damu." Kunya ta kusa kashe ni. Ban ci abinci ba.

Talata, 25 ga Maris
Kafinta ya zo sa sabon gilas, ya ce a mayar da kwaɗon? Na ce ya bari, dama ya yi tsatsa. Kwalabe suna bango, murfi a liƙe. Ba don kowa ba, ganin dama ce tawa.

Zama na uku. Gemu na nan yadda yake, hannu a ɗaure, baki a sake. Na tura masa tabarau iri uku, na ce ya kara su a tururin shayin nasa ya gaya mini wanda ba ya hazo. Tunda ba ya rabuwa da kofin, ya yi amfani ko sau ɗaya. Madarar ma har yanzu tana firji, Allah ya shirye su.

Darakta ya so a rufe magana yau. Na dubi kujerar 'Yar Shiru da ke kusa da taga, na ce ba za a yanke komai ba sai ta dawo.