Usur ɗin Malam Obi

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da iyali da yara. Ya zaman Kumasi? Mu nan Funtua da sauƙi, ƙafar Inna ma ta yi dama.

Ka tuna Malam Obi, mai alƙalancin ƙwallon kwando a makarantarmu? Bayan tarzomar nan ya hau jirgi da iyalinsa, ya bar mini usur ɗinsa. Hedimasta ya ce ni zan gaje shi.

Ranar Asabar muka kara da 'yan Malumfashi. Ina busa usur, sai ɗalibina Tunde, ɗan Bayarabiyar nan mai atamfa, ya yar da ƙwallo ya ruga cikin dawa. Can na same shi tsugune. Ya ce, "Malam, da usur masu tarzoma suka kira juna ranar da suka shigo layinmu."

Da tafin hannu na ƙarasa alƙalancin, 'yan kallo na ta dariya. Usur na aljihuna, na kasa sake busawa.

Ka gaida kowa. Ka sa mu a addu'a, har da Malam Obi, don har yau ba mu ji ko ya isa gida ba.

Ƙaninka,
Lawal