Awa Goma Sha Shida a Kan Layin Tagulla

Kabwe, 3 ga Mayu

Yaya Katongo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Lusaka, ya aikin ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa? Ka gaida matarka da yara. Tunda ka daina ɗaukar wayata, ga takarda ta hannun kwandastan bas, sai in ga ta inda za ka zille.

Maganar mijina ce, Baban Nkole. Da can doka ta ce direban jirgin ƙasa awa goma sha biyu zai yi, a sauke shi ya huta. Yanzu kun ɗage dokar, wai gwaji, yana yin goma sha shida daga Ndola da lodin tagulla. An ce da hannunka ka sa wa takardar yarjejeniyar hannu. Wai kun dogara da maɓallin nan da yake dannawa duk minti ɗaya, in bai danna ba jirgi ya ja birki da kansa.

To ka ji abin da maɓallinku ya mai da mini miji. Ranar Lahadi barci ya kwashe shi a coci, ana tsakiyar wa'azi, babban yatsansa kuwa yana danna cinyata, ya saki, ya sake dannawa. Na duba agogo, minti ɗaya cif. Jiya ma haka, da lomar tuwon nshima a hannu. Yaya, mutumin da yake dannawa yana minshari, me injinku yake gadi? Tsoro nake ji, wallahi.

Ƙanwarka,
Kasuba

Lusaka, 11 ga Mayu

Ƙanwata Kasuba,

Na samu takardarki, ina fatan kuna lafiya. Ki rage zafin kai ki saurara. Kamfanin ya zo mana da zaɓi biyu: ko gwajin wata shida, ko a sallami direbobi arba'in. Mijinki na cikin arba'in ɗin. Hukuma ta amince bisa sharaɗin a riƙa duba bayanan injin, kuma zuwa yau babu direba ko ɗaya da ya kuskure dannawa. Duk ƙarshen tafiya ana ba su takarda a tambaye su ko sun gaji. Na duba nasa guda goma sha tara, duka “a'a” ya rubuta.

Ba zan iya shiga gaban kwamitin hukuma in ce ƙanwata ta ga yatsa yana motsi a coci ba. In akwai magana, shi ya faɗa da bakinsa.

Yayanki,
Katongo

Kabwe, 20 ga Mayu

Yaya Katongo, surukina,

Ina gaisuwa da girmamawa. Ni ba gwanin rubutu ba ne, kuma wannan ba maganar wayar kamfani ba ce.

Ranar Talata na tashi daga Kapiri da rana tsaka. Abin da na sani kawai, na ɗago kai na ga gadar Mulungushi. Abin da ke tsakani ban san shi ba. Injin bai yi ƙara ba, domin hannuna bai fasa aikinsa ba. Wannan karo na uku ke nan. Ba ni kaɗai ba ne, a ɗakin hutu har raha muke yi, abokin aikinmu Sampa ya ce yatsansa ya kamata a riƙa biya albashi. Amma duk wanda ya rubuta “na gaji” likita za a tura shi, daga likita kuma sai gida. Ka ga dalilin “a'a” ɗin.

Don Allah ka gaya musu, amma ban da sunana. Nkole za ta rubuta jarrabawa bana.

Naka,
Lombe

Lusaka, 28 ga Mayu

Lombe,

Gaisuwa. Na kai maganar, ban ambaci kowa ba. Shugaban kwamiti ya tambaye ni wane direba, wace rana. Da na ƙi faɗa ya ce jita-jita ba ta shiga rahoto. Saura wata biyu gwajin ya ƙare, ka daure. Takardarka tana cikin akwatina, babu mai gani.

Katongo

Kabwe, 17 ga Yuni

Yaya,

Gaisuwar ke nan, ba ni da bakin wata. Ka ji a rediyo, amma rediyo bai je ofishin 'yan sanda ba, ni na je.

Ƙarfe biyu na rana ne, inda hanyar gonaki ta ƙetare layin dogo. Motar a-kori-kura ce, cike da mata masu kai tumatir kasuwa. Baban Nkole bai busa ƙaho ba, bai ja birki ba. Mata huɗu suka mutu, ɗaya da ciki. Ƙarar ce ta tashe shi.

Mutanen kamfani sun zo da takardar injin, sun nuna ya danna maɓalli daƙiƙa ashirin kafin karon. Saboda haka idonsa biyu, in ji su, ganganci ne nasa shi kaɗai, gwajinsu lafiya lau. Da ya ce barci yake yi, lauyansu ya zaro takardun “a'a” ɗin nan ya jera su a tebur. Na kai masa abinci da ƙananan kifin kapenta, ko buɗe kwanon bai yi ba. Tambayata yake yi sunayen matan.

Ka ce ya daure, ya daure. Yanzu me za ka ce?

Kasuba

Lusaka, 22 ga Yuni

Kasuba, ƙanwata,

Ban san da wace fuska zan gaishe ki ba. Laifina ne, na faɗa, kuma ba na jin zan daina faɗa.

Ranar Alhamis kwamiti zai zauna, suna so su mai da awa goma sha shida doka ta dindindin. Abu ɗaya ne zai tsayar da su: takardar Lombe, mai suna da kwanan wata, wadda aka rubuta tun kafin hatsarin. Amma na nuna wa wata lauya a asirce. Ta ce takardar tana nuna ya san yana barci a kan aiki, ya ci gaba da hawa. Ba tare da ita ba, wataƙila a ɗaure shi shekara biyu. Da ita, zai iya kai bakwai.

Na sa hannu sau ɗaya a madadinsa ban tambaye shi ba. Ba zan ƙara ba. In kun ce in ƙone ta, zan ƙone.

Yayanki,
Katongo

Kabwe, 25 ga Yuni

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta masa saƙonka ta tsakanin ƙarafan ɗakin da aka tsare shi. Na roƙe shi, har ƙasa na durƙusa, na ce a ƙone takardar tasa. Sai ya tambaye ni wa ke kan layin Ndola wannan makon. Na ce Sampa ne.

Ya ce, “Ki ce wa yayanki ya kai ta.”

Ni ban yarda ba, ka sani. Amma ka kai. Nkole ban gaya mata ba tukuna, sai ta gama jarrabawa.

Kasuba