Sunan Habila Ne a Jikin Faifan

Gwaggo Hajjo, ki taimake ni da shawara, don abin da ke cina ko matata na kasa faɗa wa.

Shekaruna sittin da ɗaya. Na yi karatun lissafi har ƙasar waje, na dawo na ƙare a koyar da 'yan aji uku, waɗanda na koyar kuma su ne yau ke wuce ni a mota. Ba wannan ya kawo ni ba, amma ki san da wa kike magana.

Mu uku, ni da Habila da Malama Dorkas, muka rubuta wata 'yar manhajar kwamfuta mai nuna wa malamin gona yawan takin da gona ke bukata. Kyauta muke bayarwa a faifai, mai so ya kwafa, ya gyara, ya aiko mana da gyaransa. Ƙungiyoyin manoma bakwai ke aiki da ita, daga Danja har Matazu. Mun yi yarjejeniya cewa fitar da sabon zubi, wato sabon kwafin manhajar mai ɗauke da gyare-gyare, karɓa-karɓa ne: wanda layi ya zo kansa shi zai haɗa gyare-gyare, ya gwada, ya aika, a rubuta sunansa a jikin faifan.

Bana kafin damina layin Habila ne. Ni kuwa ban taɓa yarda da aikinsa ba, don karatunsa bai wuce sakandare ba. Ranar da ya tafi jana'iza Tsiga na kwafa na aika da kaina, na rubuta sunansa tunda layinsa ne. Ashe tsohon zubi na ɗauko, mai lissafa eka a matsayin hekta, kuskuren da shi Habilan ya gano ya gyara tun Janairu. A Danja aka zuba taki fiye da ninki biyu, masarar mutum huɗu ta ƙone.

Yanzu Habila ake zagi. Bai kare kansa ba, ranar Lahadi ma har gida ya zo gaishe ni, na kasa haɗa ido da shi. Dorkas na so a cire shi daga masu fitarwa. Takardar cire shi da ta ba ni in sa hannu kwananta tara a aljihuna.

Tsohon Malami, Malumfashi

Malam, sannu da wannan nauyi. Ɗauko faifan da ba shi ba kuskure ne da kowa zai iya yi, kuma na yarda gudun ɓarna ya sa ka. Amma shiga layin wani da rubuta sunansa ba kuskure ba ne, raini ne, shirun kwana tara kuma ya fi su muni.

Kada ka sa hannu. Ka fara zuwa wurin Habila. Ina jin ya riga ya sani, yana jira ne ya ji daga bakinka, wannan kuwa mutunci ne da ba a koyarwa a ƙasar waje. Daga nan ka gaya wa Dorkas. Kada ka riƙe ta a zuci, abin da ta gani ta yi wa hukunci. Manoman Danja kuma ka je musu da ƙafarka.

Nan gaba kowane zubi mutum biyu su gwada shi kafin ya fita, tsofaffin faifai kuma a sa musu alama. Gyararren zubi Habila zai fitar, har yanzu layinsa ne. Kai naka shi ne wasiƙar bayani ga ƙungiyoyin bakwai. A ƙarƙashinta ka rubuta sunanka.

Allah ya ba ka ƙarfin hali, ya mayar wa manoman da alheri.

Gwaggo Hajjo