Takardar da Na Ƙi Sa Wa Hannu

Zuwa ga maigidana, Baban 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga gare ni da yaranka. Ina fata kana lafiya, ciwon bayan nan ya sake ka, aikin hanyar kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan lafiya lau. 'Yan biyu sun ce in gaya maka haƙorin ƙaramar ya fita, babbar kuma tana ta kuka don nata ya ƙi fita. Tunda waya ba ta shiga a dajin nan naku, direban kamfaninku ya ce zai riƙa kai maka takarda duk sanda ya shigo gari, to ka shirya karatu.

Ka san kwamfutar nan ta kantata a asibiti, wadda nake shigar da sunayen marasa lafiya, nake kuma buga musu sakamakon gwaji. Wata uku ke nan ta zame mini ciwon kai. In na kunna ta da safe, sai in goge tebur, in jera kati, in gaisa da Sista, in dawo in tarar ba ta gama farkawa ba. Mutum yana tsaye a gabana dafe da ciki, ni ina kallon 'yar da'irar nan tana juyawa. Ran Litinin ɗin makon jiya wani dattijo ya ce in ban iya aikin ba in tashi in ba yara wuri. Ni da na shekara tara a kujerar nan!

Mai kula da ita shi ne ƙanin matar Likita, wanda kowa ke kira Injiniya, ko da yake ban san wanda ya naɗa shi ba. Yakan zo da jakarsa, ya hura mata iska, ya girgiza kai, ya ce ta tsufa, sai dai Likita ya aike shi ya sayo sabuwa. Likita ya ce ba yanzu ba. Su suna ja, ni ke shan zagi.

Da na gaji, sai na kai kukana wurin maƙwabciyarmu, Malamar kwamfuta. Da na gaya mata layin da ke nuna rumbun ajiya ya yi ja, saura ƙiris ya cika, sai ta yi dariya ta ce ba tsufa ke damun kwamfutar ba, ƙoshi ne. Wai duk aikin da aka yi tana barin tarkace a baya, shekara da shekaru ba wanda ya taɓa share mata. Yamma biyu ta zaunar da ni a gaban tata tana koya mini.

Ran Talata na nemi izinin Likita. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce in yi duk abin da zai rage masa layi. Kafin in taɓa komai, sai da na kwafe duka fayilolinmu a filashin ofis, na kulle shi a kabad ɗin ƙarfe. Sannan na sauko da manhajar shara daga shafin masu ita, ba irin waɗanda ke faɗo wa mutum a allo suna ihun kwamfutarka ta kamu ba. Na sa ta bincika kawai, na hana ta goge komai, na zauna na karanta jerin abin da ta ware layi-layi. Allah ya taimake ni da na karanta! Cikin abin da ta kira shara har da foldar abubuwan da ake saukowa da su daga imel, mu kuwa a nan muke tara duk sakamakon da babban ɗakin gwaji ke aiko mana. Na cire mata maki, wato alamar da ke cewa a goge ta. Akwai kuma wani ɓangare da ke alkawarin gyara can cikin injin, Malama ta ce kada in ko kalle shi, ban kalla ba. Ragowar, tarkacen intanet da fayilolin wucin gadi, na ce bismillah na danna.

Baban 'yan biyu, ka ga gudu! Kafin azahar benci ya zama wayam. Sista ta leƙo ta tambaya ko yau yajin ciwo ake yi.

Ka riƙa shafa maganin nan, kada ka ce ka manta. Ka gaida abokan aikinka.

Taka har kullum,
Maman 'yan biyu

*

Zuwa ga Baban 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Yara lafiya, Innarka ma ta zo jiya ta wuni, ƙafarta da sauƙi. Ni ma jikina lafiya, amma ka zauna kafin ka ƙarasa karanta wannan.

An dakatar da ni daga aiki.

Ran Litinin da safe wata mata ta zo karɓar sakamakon mahaifinta, wanda za a yi wa aiki a babban asibiti ran Juma'a. Na buɗe foldar, na tarar da ita fayau. Sakamakon shekara uku, ko ɗaya babu. Na rufe ta, na sake buɗewa. Kafin in gama tunani har Injiniya ya iso, kamar dama a bakin ƙofa yake. A gaban marasa lafiya ya ɗaga murya, wai ga abin da ke faruwa in aka bar mai buga takarda ta zama injiniya. Wai manhajata ce ta cinye komai.

Likita ya kira ni ofis. Na tuna masa shi ya ba ni izini, ya ce bai tuna ba. Na ce bayan sharar da na yi ran Talata, na ci gaba da buga sakamako daga foldar nan har ran Juma'a, a tambayi Sista. Injiniya ya ce ai irin waɗannan manhajoji a hankali suke ci, kamar gara. Na ce to shi ke nan, akwai kwafi a filashi cikin kabad, a ɗauko. Injiniya ya yi tsalle ya ce duk abin da hannuna ya taɓa ƙwayar cuta ce, in aka jona shi sauran ma za su tafi. Likita mutum ne da ya san jijiyar ɗan Adam kamar tafin hannunsa, amma in aka ce kwamfuta sai ya zama yaro. Ya karɓe makullaina.

Sai ga takarda an miƙo mini, an riga an buga ta tsaf. Wai ni, da sakacina, na goge bayanan marasa lafiya, ina neman afuwa. In na sa hannu, zan dawo bayan mako biyu a mayar da ni ɗakin kati. In na ƙi, in nemi wani wurin. Na karanta ta sau biyu, na gyara musu kuskuren rubutu guda biyu da birona, na ajiye musu ita a tebur, na ɗauki jakata.

Ban yi kuka a gabansu ba. Sai da na shiga mota. Kuma wallahi ba kujerar nake yi wa ba, fuskar matar nan nake gani. Ta biyo ni har bakin titi tana tambaya ko sai an sake yankar tsoho a ɗebi naman gwaji. Na ce mata a'a, ba za a sake yankar shi ba. Ban san da wane ƙarfi na yi mata wannan alkawari ba, amma na yi.

Ka yi mini addu'a.

Matarka,
Maman 'yan biyu

*

Baban 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Direba ya kawo amsarka yau Laraba, ga shi yana jira a ƙofa, don haka gaisuwata gajera ce. Ina fata kana lafiya. Mu ma lafiya.

Na karanta takardarka a tsaye. Ka ce in yi haƙuri in sa hannu, wai takarda ce kawai, wai ba a ja da dangin mai wuri, wai in ka dawo za ka je da kanka ka ba Likita haƙuri. Na san tausayina ne ya sa ka faɗa, na san kana tunanin yara. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa tsallake maganarka ba, kai shaida ne. Amma wannan karon ka yafe mini, ba zan sa hannu ba.

Ba takarda ce kawai ba. Sunana ne a ƙasanta. In na sa hannu, duk ranar da wani abu ya ɓace a asibitin nan, ko allura ce, ni za a waiwaya. Kuma in na amsa laifin, an rufe magana ke nan, ba mai buɗe kabad ɗin, tsohon nan kuwa a sake kwantar da shi. Haƙurin da zan yi, a jikinsa za a yi shi.

Ban yi ganganci ba. Na tambayi wadda ta sani, na nemi izini, na ajiye kwafi, na karanta kafin in danna. In mai yin haka ce za ta nemi afuwa, to wanda bai yi ba me zai nema?

Na je wurin Malama, ta ce irin wannan manhaja tana rubuta rahoton duk sharar da aka yi da ita, da rana da lokaci. Gobe da safe zan koma. Ba wanda ya kira ni. In sun ga dama su sa maigadi ya ɗauke ni da kujerar.

Kada ka yi fushi da ni. In ma ka yi, ka ci abinci tukuna.

Taka,
Maman 'yan biyu

*

Zuwa ga maigidana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri, da fatan wannan ta same ka lafiya kai da duk na tare da kai. Yara suna gaishe ka, haƙorin babbar ya fita, gida ya samu zaman lafiya.

Ran Alhamis na sa kayan aikina na tafi. Maigadi ya gan ni, ya juya yana gyara igiyar takalminsa har na wuce. Ɗakin jira cike yake, Injiniya na kan kujerata yana neman harafi da yatsa ɗaya, layi har waje. Matar nan tana gefe da ƙaramar 'yarta, idonta ya faɗa. Na tsaya a kansa na ce ya tashi. Ya ce an dakatar da ni. Na ce na ji, ya tashi. Sista ta fito ta tsaya a bayana ta naɗe hannu. Ka san girman Sista. Ya tashi.

Hayaniya ta fito da Likita. Kafin ya buɗe baki na ce masa, Likita, minti biyar nake roƙo, in na yi ƙarya ka kore ni a gaban mutanen nan. Na buɗe manhajar, na shiga rahotonta, na juya masa allon. Shara biyu ce a rubuce. Ta farko ran Talata da safe, tawa, ga jerin abin da ta kwashe, babu foldar sakamako a ciki. Ta biyu ran Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, an sa maki a kowane akwati, har da foldar. Ni kuwa ban taɓa aikin Asabar ba, kuma mutum biyu ne kawai ke da makullin ranar, Likita da surukinsa.

Ashe da Injiniya ya ji ana yabon gudun kwamfutar, shi ne ya zo ya nuna shi ma ya iya, har ya fi. Ya danna komai bai karanta ko layi ɗaya ba. Da ya ga abin da ya yi, sai ya nemi wuyan da zai rataya wa. Ya fara cewa ai rahoto ma yana ƙarya, Likita ya yi masa wani kallo, maganar ta maƙale.

Ban tsaya jin sauran ba. Na miƙa hannu, Likita ya sa mini makullai. Na ɗauko filashi, na sa kwamfutar ta bincike shi a gaban kowa, ta ce lafiyarsa lau. Na mayar da fayilolin. Na 'yan kwanakin da suka biyo bayan kwafin kuwa, na sake sauko da su daga imel. Takardar farko da firinta ta fitar ta tsohon nan ce. Matar ta karɓa da hannu biyu, ta fita da gudu har ta bar mayafin 'yarta a benci. An yi masa aikin ran Juma'a, an ce har ya fara zama.

Da yammar Alhamis ɗin Likita ya kira ni, ya ce in ci gaba da aikina, a bar maganar a cikin gida. Na ce a'a. A gaban mutane aka kira ni mai sakaci, a gaban mutane za a wanke ni. Na fita ina ɗauka korar ce ta zo. Ran Litinin da safe ya tara ma'aikata a ɗakin jira, ya ce bincike ya nuna ba ni da laifi, kuma daga yau ba mai taɓa kwamfutar nan sai da sanina. Bai ambaci sunan kowa ba, bai kuma ce in yi haƙuri ba. Ban matsa ba, na san gidan da zai koma ya kwana. Amma na nemi takardar nan da na ƙi sa wa hannu, na yaga ta da hannuna, na zuba a kwando.

Na raba wa sakamakon gwaji folda tasu daban, kuma duk Juma'a kafin in tashi sai na yi kwafi. Injiniya bai sake leƙowa ba.

Saura magana ɗaya tsakanina da kai. In Allah ya dawo mini da kai lafiya, kada ka je ba kowa haƙuri a madadina, ba wanda na yi wa laifi. In kana son zuwa asibitin, ka zo da safe lokacin da layi ya fi tsawo, ka samu wuri a benci ka zauna, ka ga yadda matarka take aiki.

Allah ya tsare mini kai.

Taka mai ƙaunarka,
Maman 'yan biyu